Mutumin da Ya Riƙe Hannun Cikgu Ramlan

Sana'ata hayar rumfa da kujeru ce. Duk taron da aka yi a ƙauyenmu Alur Nibong, na aure ko na rasuwa, ni nake fara zuwa, ni nake ƙarshen tafiya. Na ga taro iri-iri, amma wanda har yau in na tuna shi raina yake ɓaci, na gidan Pak Sulong ne. Pak a wurinmu kamar a ce Baba ne.

Pak Sulong shi ne mai ɗaukar sandar majalisar jiharmu. Tsohon soja ne, dogo, siriri, magana ba ta dame shi ba. Ranar zama yakan hau tsohon babur ɗinsa ya tafi birni, ya sa fararen kaya da farar safar hannu, ya shiga gaban Kakaki da sanda a kafaɗa, ya ajiye ta a kan teburi, ya koma bakin ƙofa ya ƙame. In Kakaki ya ce a fitar da wani ɗan majalisa, shi ne mai fitarwa. Sai dai ya tsufa a aikin bai taɓa fitar da kowa ba, don a da kujerun kusan duk na jam'iyya ɗaya ne, barci ma ake yi a ciki.

A shagon shayi mukan tsokane shi.

"Pak Sulong, yau wa ya zagi wa a majalisa?"

"Ni sanda aka ba ni, ba a ba ni kunne ba."

Daga haka ba ya ƙarawa. Da an fara gardamar siyasa zai shanye shayinsa ya miƙe. Matarsa Mek Esah ce mai yin surutun mutum biyu. Allah bai ba su haihuwa ba, sai ta mai da ƙauyen duka nata. A wurinmu ba a ɗaukar mai dafa abincin taro. Ana gobe taro mata sukan zo kowace da wuƙarta daga gida, su zauna su yanka albasa su kankare kwakwa, maza su yanka saniya su juya manyan tukwane. Ban taɓa kai rumfa wani gida ban tarar da Mek Esah ta riga ni ba, tana zaune da wuƙarta, idanu na hawayen albasa, baki na zuba.

Sai aka yi zaɓen da ya raba majalisa biyu daidai. Gwamnati rabi, 'yan adawa rabi, shi kuma Kakaki naɗa shi aka yi, ba shi da ƙuri'a. Da aka kawo kasafin kuɗin shekara aka shiga ja-in-ja. Gwamnati ta zuba kuɗi a sabuwar hanyar tashar jiragen ruwa, 'yan adawa suka ce sai dai a gina wa ƙauyukan bakin kogi bangon tare ambaliya. In aka yi kunnen doki a ƙuri'a, kasafi ya faɗi, gwamnati ta bi shi. Wakilinmu yana cikin 'yan adawa, Cikgu Ramlan, wato Malam Ramlan, tsohon shugaban makarantar firamare, wanda rabin ƙauyen nan a hannunsa suka koyi karatu. Ya rantse mana a gaban masallaci cewa ko bango ko a tashi kowa ya rasa.

Ranar ƙuri'a, ana dab da kaɗawa, Cikgu Ramlan ya miƙe ba a ba shi dama ba. Ya daki teburi, ya yaga takarda, ya kira Kakaki yaron gwamna. Kakaki ya ce ya janye, ya ƙi. Kakaki ya ce a fitar da shi. Pak Sulong ya tako yadda aka koya masa, fuska ba walwala, ya rusuna, ya sa farar safarsa ya riƙe shi a gwiwar hannu, ya kai shi ƙofa. Aka kaɗa ƙuri'a, kasafi ya wuce da guda ɗaya, babu bango a ciki.

Kafin Pak Sulong ya iso gida, hoton yana cikin wayar kowa. Ba wanda ya ga Kakaki a hoton, ba wanda ya ga gwamna. Abin da aka gani ɗan Alur Nibong ne riƙe da hannun malamin Alur Nibong yana jan sa waje. Na ce wa mutanen ƙauye aikinsa ne, suka ce ai yana iya cewa cikinsa na ciwo. Mutanen da ko layin asibiti ba su iya tsallakewa in ba a ce musu su tsallake ba, su ne suke koya wa tsohon soja yadda ake bijire wa umarni.

Damina ta zo da ƙarfi. Kogi ya shigo ƙauye, ya tafi da kaji da shinkafar da ke gona, muka kwashe kwanaki a ajujuwan makaranta. A can ma tabarmar Pak Sulong da matarsa ita kaɗai ce a kusurwa. Mek Esah ta ɗauki tari a wurin, ta koma gida da shi, bai sake ta ba. Jana'iza kam an je, don wannan ba ta mutum ba ce, ta Allah ce. Aka binne ta, aka watse, ba wanda ya hau matakalar gidan.

Saura sadakar arba'in. Ita kuwa sai an gayyace ka da baki, mai gida ya zo da ƙafarsa ya tsaya a gindin matakalarka. Pak Sulong ya sa hularsa ya bi gida-gida. Abu ɗaya yake so a duniya, maza su cika ɗakinsa su karanta wa matarsa Yasin, yadda aka yi wa matar kowa. Yawanci suka ce masa "in Allah ya yarda" suna kallon gefe. Deraman mai gyaran injin jirgi ne kaɗai ya fito fili.

"Ka gayyaci Kakaki mana, Pak Sulong. Ya zo da wuƙarsa ya yanka maka albasa."

"Ba don ni ba, Deraman. Don Esah. Ita ta dafa abincin aurenka."

"Ita ma ai ruwan nan ne ya ci ta. Wa ya buɗe masa ƙofa?"

Pak Sulong ya yi sallama, ya wuce gida na gaba.

Ranar Alhamis na kafa rumfa na jera kujeru. Ba mace ko ɗaya da ta zo, matata kuwa tana can wurin 'yarmu da ta haihu a jihar Johor. Ni da shi muka zauna da buhun albasa. Mutumin da ya iya ɗaukar sanda ba ta ko girgiza, ashe bai iya riƙe wuƙa ba. Na ce ya rage naman, ya ce a'a, in suka zo abinci ya kasa, Esah za ta ji kunya.

Da hantsin Juma'a ina bayan gida ina juya tukunyar nama, sai na ga mutum yana fitowa ta cikin itatuwan kwakwa, ba ta hanya ba. Cikgu Ramlan ne, da ledar sukari da ganyen shayi. Ya bar motarsa can bakin gada. Ya yi ta'aziyya, ya zauna a matakala, bai damu da ni ba, mai haya ai kamar kujerunsa yake.

"Pak Sulong, na ji abin da ake maka. Wallahi raina bai so ba. Kai dai ka taimake ni ranar nan."

"Na taimake ka, Cikgu?"

"To da me zan yi? In na ce e, jam'iyya ta cinye ni, ƙauye ya cinye ni. In na ce a'a, gwamnati ta faɗi, a koma zaɓe cikin ruwa, albashin mutane ya tsaya. Sai muka zauna da Kakaki tun da safe. Na ce zan yi hauka, kai ka kore ni. Kowa ya fita da mutuncinsa."

Na saki muciya a cikin tukunya. Pak Sulong bai ɗaga murya ba.

"Cikgu, yau Juma'a. In an sallame ka tashi ka faɗa musu haka."

"Haba, Pak Sulong! So kake su yi gunduwa-gunduwa da ni? Ka yi haƙuri, mutane suna da mantuwa. Baɗi za a sa bangon, an yi mini alkawari."

"To ka dawo bayan sallah ka yi wa Esah addu'a. In suka ga ka shigo, za su shigo."

Cikgu ya duba agogo, ya gyara hula.

"Ka san yadda abin yake. In aka gan ni a gidan nan yanzu, sai a ce da ni aka haɗa baki."

Ya koma ta cikin kwakwar da ya fito.

Ni ba ni da haƙurin Pak Sulong. Ana sallame Juma'a na tsaya a inda ake ajiye takalma na faɗi duk abin da kunnena ya ji, da ƙarfi. Sai Deraman ya ce, "Jusoh, yanzu har da baki kake bayarwa haya?" Aka tuntsure da dariya. Wani dattijo ya ce in ji tsoron Allah, mutumin da ya yarda aka wulaƙanta shi saboda mu shi zan yi wa ƙazafi. Liman ya ce mura ta kama shi, ba zai samu zuwa karatun ba. Suka sa takalmansu, waɗanda hanyarsu ta bi ta ƙofar Pak Sulong suka zaga ta bayan makaranta.

Na tarar da shi ya shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa, ya jera kofuna. Ya dube ni, ya dubi hanya a bayana, bai tambaye ni komai ba. Muka zauna mu biyu a ɗakin da zai ɗauki rabin ƙauye, muka karanta Yasin. Ya kakare a tsakiya, na ja shi muka kai ƙarshe. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin haushin garinmu kamar ranar ba.

Bayan la'asar na kawo motata na fara ɗora kujeru. Yana tsaye a kan matakala, shinkafa da nama suna nan a tukwane an rufe da ganyen ayaba. Na ɗora jeri ɗaya, na kama na biyu, sai ya sauko ya dafa kujerar da ke hannuna.

"Jusoh, bar su zuwa gobe. Wataƙila wani kunyar rana yake ji."

Na sauke waɗanda na ɗora, na mayar da su inda suke.