Kajin Maman Tsaki Sun Zauna

A layinsu ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Maman Tsaki ake ce mata, tun daga mai shagon bakin titi har matan da ke leƙowa ta katanga suna tambayar ko akwai ƙwai. Shekara tara tana gaya musu kajinta na nama ne, burola, ba sa ƙwai, amma har yau ana tambaya. Kafin kaji tela ce, kuma ta iya. Keken ɗinkin yana nan a lungun falo, an lulluɓe shi da tsohon zani, an jera masa kwalaben maganin kaji a ka.

Mijinta ne ya jajibo sana'ar. Direban babbar mota ne na shekara talatin, da yanar ido ta fara rufe masa gani aka karɓe makulli. Ya dawo gida da ɗan abin sallamarsa, ya toshe rabin tsakar gida da bulo da waya da kwano, ya ce kiwon kaji hutu ne, a zaune ake yinsa. Zubi biyu ya yi da hannunsa idon ya ƙarasa rufewa, hutun ya faɗo a kanta. Yanzu aikin Direba shi ne zama a benci ƙofar ɗakin kaji, rediyo a cinya, yana ba da umarni.

Zubi ɗaya tsaki ɗari uku ne. Ana kawo su a kwali suna 'yan kwana ɗaya, su yi kwana arba'in da biyu, sannan mai gashi, wato mai sayen kaji yana gasawa, ya zo ya rataya sikelinsa a azarar ƙofa. Kilo biyu yake so. Kazar da ba ta kai ba, ko kallonta ba ya sake yi. Idan ya kwashe, akwai sati guda na shara da wanki da feshi da shimfiɗa sabuwar dusar katako, kafin ta miƙe bayanta wani kwalin ya iso. Da cinikin ake ci a gidan, da shi ake sayen maganin idon da bai taɓa buɗe idon ba.

Ba ta sayen abincin kaji na buhu, da kanta take haɗawa, kuma nan gwanintarta take. Barzajjen masara, waken soya, dusa, garin ƙashi, ɗan gishiri. Sai farin garin sinadari da ke zuwa a 'yar leda, wanda shi ne ke sa nama ya hau jikin kaza. Ma'auninsa jan murfin wani tsohon flas ɗin shayi da Direba ya yi yawon duniya da shi. Murfi ɗaya a buhu, a shafe, ba tozo. Ba a watsa shi kai tsaye cikin tulin. Sai ta fara cuɗa shi a kwano ɗaya na dusa, ta juye kwanon a baho, ta juye bahon a tuli, sannan ta sa shebur ta juya sau bakwai, har gira da gashin idonta su yi fari.

Sau ɗaya ta taɓa barin aikin nan ga wani. Kwana biyu ta yi a asibiti, Direba ya ce zai riƙe. Ya laluba ya ɗauki ledar gishiri a madadin ta sinadari. Kaji suka yi ta shan ruwa suna zawo, arba'in suka mutu. Maƙwabta kuwa ba a barinsu shiga, don takalmin baƙo kan kwaso cuta. Ɗansu ɗaya yana aiki a jirgin ruwa, muryarsa kawai ke zuwa gida. Tun daga lokacin, iyakar tafiyar Maman Tsaki shagon abincin kaji ne, ta je ta dawo kafin mazuban ruwa su ƙafe.

Tana da yaya mace ɗaya, a wani gari mai tafiyar yini guda a mota. Yaya ta girme ta da shekara goma. Maman Tsaki ta yi nawar tafiya tana ƙarama, sai da ta shekara uku tana ja da gindi, kuma duk shekarun nan a bayan Yaya ta yi su. Shi ya sa har yau, da furfurarta da komai, Yaya ba ta kiranta sai Goyona.

"Goyona, yaushe zan gan ki?"

"Yaya, bari a fitar da wannan zubin."

Shekara huɗu ana wannan tambaya ana wannan amsa, har ta zama abin tsokana. Yaya takan ce a gaida kaji, a ce musu tana nan tana bin layi.

Ranar da wannan zubin ya kwana goma sha biyu, ɗan Yaya ne ya kira. Bai iya tsokana ba, kuma ranar bai gwada ba.

"Inna, ƙafafun Mama sun kumbura har gwiwa. Likita ya ce zuciyar ce. Idan da hali ki zo, ki zo."

Ta ce to. Ta ajiye wayar ta tsaya kallon tsakin, fikafikansu ko gama fitowa ba su yi ba. Saura kwana talatin. Tsoro ya kama ta sosai.

Washegari a shago ta yi wa mai abincin kaji zancen, ba don komai ba sai don ya cika mata ciki. Shi kuwa ya miƙa hannu ƙarƙashin teburinsa ya ciro wata leda mai ƙyalli, da hoton kaza ta banƙaro ƙirji.

"Mama, wannan sabo ne. Murfi ɗaya a buhu, sati biyar kin kai kilo biyu."

Ta tambayi garin ƙashi, ya ce ya ƙare, sai jibi. Ba ta koma jibin ba. A hanya ta yi lissafi irin na tela, wanda idan ya ƙara taka keke ɗinki kan ƙare da wuri. Idan murfi ɗaya ya rage sati guda, ai biyu za su rage biyu. Ta isa gida ta zuba biyu, kowanne da tozonsa. Ta kuma daina kashe musu fitila, don su yi ta ci ba hutu.

Direba na kan benci, ya rage rediyo.

"Na ji kamar murfin nan ya shiga leda sau biyu."

"Malam, kunnen ne ya fara bin idon?"

Ya yi dariya ya ƙara murya. Ita ba ta yi ba, ta dai ci gaba da juya shebur.

Abin ya yi aiki, kada a ci amanar ledar. Cikin kwana goma kajin suka cika ɗaki. Ƙirji ya faɗaɗa, cinya ta yi dam, idan ta ɗaga ɗaya sai ta ji ta a kafaɗa. Maman Tsaki ta sauko da jakar tafiya daga kan durowa ta karkaɗe. Ta goge zannuwa uku, ta sayi man shafa ƙafa mai zafi, har ta buɗe keken ɗinki ta yi wa Yaya matashin ɗora ƙafa da ragowar yadi. Ta kira ta ce saura sati guda. Yaya ta ce, "Kai, kaji sun yi mini adalci."

Ranar kwana ashirin da bakwai da safe ta shiga da bokiti, kaji suka taso kamar kullum, ɗaya ba ta taso ba. Tana tsugune kusa da bango, ƙafafu a baje gefe da gefe, ido garau, baki a buɗe tana kallon ruwan da bai fi taku uku da ita ba. Masu kiwo ba sa cewa irin wannan kaza ta gurgunce ko ta kamu da ciwo. Cewa suke ta zauna. Kalma ce mai sanyi a baki, amma duk mai kaji idan ya ji ta sai gabansa ya faɗi, don kazar da ta zauna lafiyarta ƙalau, tana son ci, tana son sha, nauyin jikinta ne kawai ya fi ƙarfin ƙafarta. Idan ba a kai mata ba, ƙishirwa ce za ta kashe ta tana kallon ruwa.

Da yamma sun kai tara. Kwana biyu bayan nan sun haura sittin.

Likitar dabbobi ta zo, ta tsoma takalmi a bahon magani, ta matsa ƙafar kaza biyu, ta nemi ganin ledar da murfin. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo.

"Mama, naman ne ya riga ƙashin girma. Kin tura su gaba, ba ki ba ƙafa abin da za ta tsaya da shi ba. A daina wannan garin, a riƙa kashe fitila, ga magani a sa a ruwa. Waɗanda suka zauna kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwa da abinci, a riƙa juya su kada ƙirjin ya yi gyambo. Kuma ba yanka sai maganin ya fita jikinsu."

"Kwana nawa?"

"Ki sa sati biyu a ranki."

Duk da haka ta kira mai gashi, ko zai rufa mata asiri. Ya zo ya leƙa daga ƙofa, ko sikeli bai sauke daga babur ba. Ya ce idan sun miƙe a kira shi. Zubin da ta so ta gutsure wa sati biyu, sai ga shi ya ƙara tsawo.

Daga nan rayuwarta ta koma tsugune. Kofin roba a dama, kwanon abinci a hagu, tana ja da gwiwa cikin dusar katako daga kaza zuwa kaza. Ta tallafo wuya, ta tsoma baki, ta jira, ta juya ta, ta matsa gaba. Kafin ta kai ta ƙarshe ta farko ta sake buɗe baki. Warin kashin kaji ya kama mata maƙogwaro, gwiwoyinta suka yi kanta.

Direba ya ce, "Ki tafi abinki. Zan lallaɓa."

Don ya nuna mata, ya tashi ya shiga da sandarsa. Taku na huɗu ya taka wata a fiffike, ta yi ƙara, ya tsaya cak da ƙafa a sama, bai san inda zai sauke ta ba. Maman Tsaki ta ji ta tsani kajin, ta tsani ɗakin, ta tsane shi shi ma, sannan kunya ta rufe ta don ta san hannunta ne ya yi tozon. Ta kama hannunsa ta fito da shi ta zaunar.

Ya ce, "Ni ne na ce miki a zaune ake yi. Ki yafe ni."

Kullum da hantsi takan kira Yaya, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, hannu na aiki. Ranar kwana talatin da biyar ta daure ta faɗa mata gaskiya, har da murfi biyun. Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Don ni kika yi wa kaji ɗura? To ni ma na zauna, Goyona. Ga kofina can kan tebur ina kallonsa. Yaron ya tafi aiki, matarsa ta kai yara makaranta. Sai wani ya shigo."

Maman Tsaki ta dubi kofin da ke hannunta, da bakin kazar da ke ciki. Matar da ta goye ta shekara uku tana can tana kallon ruwa, ita tana nan tana shayar da abin da za a yanka. Ta juya kazar, ta matsa gaba.

"Kina ji na? Idan likitar kajin ta gama da su, ki turo min ita."

"Sati ɗaya, Yaya. Wallahi sati ɗaya."

"Na sani. Bari a fitar da zubin."

Wasu kajin sun fara miƙewa, suna taku biyu su huta. Jakar tana nan bakin ƙofar falo, ƙurar dusa ta kwanta a kanta, matashin na ɗaure a sama. Ranar kwana talatin da tara, rana ta ɗan ɗaga, tana tsugune a layin bango, waya ta yi ƙara a ƙugunta. Ɗan Yaya ne. Ya gaishe ta a tsanake, har ya tambayi jikin Baba.

"Inna," ya ce, "ba sai kin yi sauri ba kuma."

Kazar da ke hannunta tana tsakiyar sha, tana ɗaga kai tana haɗiya tana mayarwa. Maman Tsaki ba ta janye kofin ba, ta bar ta ta ƙoshi. Hawaye na sauka cikin dusar katako.

Daga benci Direba ya kashe rediyo. "Wa ya kira?"

Ta ɗaga ido ta dubi layin. Saura arba'in da ɗaya ba su sha ba, duk bakinsu a buɗe, duk suna kallonta. Ta juya kazar, ta cika kofin, ta ja gwiwa zuwa ta gaba.