Ranar da Iliyasu Ya Juya Jirgi

Iliyasu Shekari mai gyaran kujeru ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana aiki a wani shago da ke bayan titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa inda muke zaune, yana ɓare tsohon yadi yana ɗaura sabo. A cocinmu shi yake fara zuwa ya kunna fitilu, kuma in ba ka tambaye shi ba, ba za ka ji muryarsa ba. Mutane da yawa sun yi shekaru suna gaisawa da shi ba su san yana tuƙa jirgin sama ba.

Jirgin ƙarami ne, ruwan ɗorawa, ƙirar 1946. Kujera biyu gare shi, ɗaya a gaban ɗaya, kuma matuƙi a ta baya yake zama. Fukafukansa yadi ne aka ja a kan ƙarfe aka shafe da fenti. Ba shi da makunni, sai an kama farfela da hannu an juya. Wani tsohon Bature ne ya kawo kujerar jirgin shagon a gyara, ya ga ɗinkin Iliyasu, ya tambaye shi ko zai iya ɗinke fiffike. Sanyi biyu suka yi suna wannan aiki. Daga nan tsohon ya koya masa tashi, Iliyasu ya sami lasin yana da shekara arba'in da huɗu, kuma da idon tsohon ya raunana sai ya bar jirgin a hannunsa.

Irin wannan jirgin ne yake kawo likita asibitin mishan a can gida muna yara. Tun kafin a gan shi za a ji shi, mu bar aji mu fita da gudu, inuwarsa ta bi ta kan gonar acca ta haura kanmu. Iliyasu bai kai wannan zamanin ba, amma ya ce duk ranar da ya tashi da safe ya ga hazo kwance a kan tafkuna, shanu kamar an watsa wake a faifai, yakan manta ko wace ƙasa ce a ƙarƙashinsa.

A watan Yulin bara surukinsa ya zo daga gida. Baba Maikano, mahaifin matarsa Salomi, manomi ne mai shekara saba'in da tara, kuma a ƙauyensu shi ake tambaya kafin a yi shuka. Tun da aka yi auren, Iliyasu bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, balle ya musa masa magana. In tsohon ya ce rana ta yi, to ta yi.

Wata rana a mota tsohon ya hango wani dutse can arewa maso yamma, mai kai kamar an kifa tukunya. Ya ce ya yi kama da dutsen bayan gidansu, wanda ya yi ta hawa yana saurayi amma bai taɓa ganin samansa daga sama ba. Sau uku ya maimaita maganar a wannan makon. Ranar Asabar, ana gobe zai koma gida, Iliyasu ya ce zai kai shi.

Abin da ya biyo baya daga bakin su biyun na ji shi, kowa daban.

Da safe Iliyasu ya duba hasashen yanayi sau biyu. An ce sai bayan ƙarfe biyar ruwa zai zo. Tafiyar minti talatin da biyar ce zuwa dutsen, don haka suka tashi ƙarfe ɗaya da kwata daga wani filin ciyawa a bayan gari. Ya ɗaura wa tsohon ɗamara a kujerar gaba, ya sa masa abin magana a kunne.

Minti goma na farko Baba Maikano ya yi ta leƙen ƙasa ta taga. Sannan ya fara magana a hankali, kamar mai barci, yana kiran Iliyasu da sunan 'yarsa ta fari.

“Baban Yemima, wancan fa? Masara ce?”

“Masara ce, Baba.”

“Ba kunyar noma ko ɗaya. Yaya suke yi da ruwa?”

“Inji ne ke shuka musu, Baba.”

“Malalata,” in ji tsohon, yana dariya. Ya ɗan miƙa yatsunsa ta taga iska ta kaɗa su. Gajimare farare suna wucewa sama da su, inuwarsu tana tafiya a kan daji. Ya ce ashe haka shirwa take ganin duniya, shi ya sa ba ta gaggawa.

Dutsen ya bayyana a gabansu, shuɗi, saura kamar minti goma sha biyu. A daidai nan Iliyasu ya lura bayan dutsen ya yi duhu. Gajimaren da ke can ya tashi tsaye ya yi tsawo, ƙasansa baƙi, kuma wani labule mai launin toka ya sauko daga cikinsa har ƙasa. Jirgin ya ɗan girgiza, iskar da ke shigowa ta yi sanyi.

“Baba, akwai hadari a gaba,” ya ce.

Tsohon ya duba gaba, sannan ya juya da ƙyar ya duba baya ta kan kafaɗarsa. Gabas tas take.

“Wannan ya riga ya wuce,” ya ce. “Hadarin da ka gani a yamma ya gama da kai. Na gabas ake tsoro. Mu je.”

A ƙasarmu gaskiyarsa ce. Ni ma da nake auna ruwan sama a makarantar mishan kowace safiya, ban taɓa ganin hadari ya taso mana daga yamma ba. Amma a nan ta yamma yake zuwa, yana tsallako duwatsu. Iliyasu ya san haka. Ya kuma san jirginsa ba shi da na'urar da za ta nuna masa sama da ƙasa in ya shiga cikin gajimare, kuma iskar da ke gaban irin wannan hadari tana iya yaga yadin fiffike.

Duk da haka bai juya ba. Ya faɗa mini minti biyu cur ya yi yana kallon ƙeyar surukinsa, farin gashi a ƙarƙashin hula, yana neman hanyar da zai bi da maganar. Ya yi tunanin ya ce mai ya ƙare, amma siririn ƙarfen da ke nuna yawan mai yana gaban tsohon, kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba.

“Ko mu dawo wata rana, Baba?”

“Wace ranar? Gobe ina hanya. Ga shi nan, kamar in taɓa shi. Shekara sittin ina duba sama, ɗana.”

Ɗigon farko ya bugi gilashi. Kan dutsen ya fara ɓacewa.

“A'a, Baba,” in ji Iliyasu. “Ba za mu je ba.”

Ya kwantar da sandar tuƙi hagu, jirgin ya karkata a hankali, dutsen ya zame ya koma bayansu.

Iliyasu bai nufi gida ba, don ya ga wani reshen hadarin ya miƙa kudu zai tare masa hanya. Tun suna zuwa yake ƙirga wuraren sauka, kamar yadda aka koya masa, kuma minti shida a baya sun wuce wani filin ciyawa kusa da wata rumfar jan kwano. Ya sauko ƙasa da gajimare, ya bi babban titi da ido har ya gano rumfar. Ya zagaya filin sau ɗaya ya tabbata babu shanu ko wayar lantarki, ya duba inda bishiyoyi suka sunkuya, ya fuskanci iska ya sauka. Jirgin ya yi tsalle ɗaya ya zauna.

Wata tsohuwa mai gonar ta fito da igiyoyi ba tare da an tambaye ta ba. Suka ɗaure fukafukai da wutsiya a turaku. Suna shiga rumfar ruwa ya kece.

Baba Maikano ya zauna a kan damin ciyawa yana kallon waje. Iska ta kwantar da masara, ƙanƙara ta yi ta buga kwano, jirgin yana fizgar igiyoyinsa kamar akuya. Iliyasu ya tsaya can gefe, kansa a ƙasa, ya kira Salomi a waya ya ce suna lafiya. Minti arba'in aka yi ana ruwa. Da ya tsagaita, tsohon ya tashi ya fita, ya tsaya cikin ciyawa mai tururi, ya bi hadarin da kallo yana tafiya gabas da bakan gizo a jikinsa.

“Ruwan ƙasar nan ba shi da tarbiyya,” ya ce. “Ta bayan gida yake shigowa.”

Rana ta yi nisa, dutsen kuma har yanzu yana cikin gajimare, sai suka kama hanyar gida. Salomi tana jiransu a bakin fili. Tsohon ya sauko da ƙyar, ya gyara hularsa.

“Mijinki ya ce mini a'a,” ya ce mata.

Salomi ta dubi mijinta, ta dubi mahaifinta, ta rasa wanda za ta ba haƙuri.

“Da ya ji maganata, da yanzu kina neman mu a cikin masarar mutane,” in ji tsohon. Ya juya wajen Iliyasu. “Baɗi in Allah ya kai mu zan dawo saboda dutsen nan. Kai za ka zaɓi ranar. Ni ban san saman nan ba.”