Tsamiyar Kunu da Baƙar Mota

Ruwan rijiyar unguwarmu a Sule Tankarkar zartsi gare shi. Duk butar da ta kwana biyu a gidanmu sai ta yi farin ɓawo a baki. Mun saba, ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Shekarar da ɗana na tsakiya ya samu tuƙi wurin wani ɗan kasuwa a Gumel, sai aka aike shi Maigatari ɗauko sabuwar mota, baƙa wuluk. Aikensa na fari ke nan. Ya ratso gida a sa masa albarka, ya ajiye ta a rana, ya shiga cin tuwo.

Yayata, Allah ya jiƙanta, ita ta raine shi. Ta ɗebi ruwan rijiya a ƙwarya, ta yi tofi, ta yayyafa wa motar gaba da baya. Ta hana kowa gogewa, wai addu'a ba a share ta.

Da ruwan ya bushe, sai mota ta koma kamar zabuwa. Ya sa tsumma ya goga, ɗigon fari ko gezau. Kayan amana ne, in ya kai ta haka, aikin ya tafi.

Yaya ta ce a kawo toka da yashi, yadda muke yi wa tukunya. Ya ce ko kusa, fenti fata ce, in ta karce ba ta warkewa. Direbobi dai sun ce abu mai tsami ke narkar da irin wannan tabo. Tsamiyar kununa na jiƙe a ɗaki.

Muka tura motar inuwar darbejiya, muka jira jikinta ya huce. Na tace tsamiyar a ƙyalle, na sake tacewa, ya sirka da ruwan leda. Ya fara gwadawa can ƙasan ƙofa, inda ido ba ya kaiwa. Ya ɗora jiƙaƙƙen tsohon ɗankwalina, ya ɗan dakata, ya shafa a hankali, ya ɗauraye, ya tsane tun bai bushe ba. Baƙin ya fito lafiya lau. Haka ya bi ta, tafin hannu bayan tafin hannu, har la'asar.

Yaya na zaune a gefe, ƙwarya a cinya.

"Ɗan nan, ka wanke mini addu'ata ke nan," in ji ta.

Ya durƙusa, ya miƙa mata hannuwansa biyu. "Iya, motar ta mai ita ce. Waɗannan ne nawa, kuma su za su tuƙa."

Ta tofa masa a tafin hannu, ba ruwa. Ya kai mota Gumel tana sheƙi, kuma a gidan ɗan kasuwan nan ya yi tuƙi har furfura ta fito masa.