Keken da Baba Ya Zo da Shi Daga Kurmi

Ranar wata Lahadi ce, ranar kasuwar Filinge, a kakar shekarar da ta biyo bayan ɓarnar fara, lokacin da mutanen ƙasarmu ta Kurfai suka sake ganin damman gero a gindin rumbu bayan doguwar yunwa. Mu yara muna langa a filin bakin rijiya, haƙorana na gaba sun zube ba su tsiro ba tukuna, sai muka ji wata ƙara siririya daga wajen dutse. Muka waiwaya, ga mutum yana gangarowa a kan wani ƙarfe mai ƙafa biyu, nasa ƙafafun ba sa taɓa ƙasa. Awaki suka watse, mata suka tsai da taɓare, ƙananan cikinmu suka ruga cikin kara. Wani tsoho da ke tufkar igiya a gindin gawo ya ce, “Wanga doki ba shi cin haki, ba shi shan ruwa. Allah shi kyauta.” Mutumin bai tsaya ba sai a ƙofar gidanmu. Kakata ta fito, ta ƙare masa kallo, ta rangaɗa guɗa har muryarta ta shaƙe. Innata kuwa ta ja mayafi ta shige ɗaki. A nan na gane Baba ne, wanda ya tafi Kurmi, can ƙasashen kudu, neman rufin asiri tun ina goye.

Ya shafa kan ƴaƴan ƙannensa, ya raba musu ƙwayoyin sukari, ya ɗaga wani sama har yaron ya yi dariya. Da ya zo kaina sai ya kau da fuska ya wuce. Ni ne ɗan fari, kuma a wancan zamani kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa wasa a gaban mutane. Shi ya sa ma a ɗakin Kaka na tashi, ita ke ba ni fura da safe, tana tsokanata da “mai gidana marowaci”. Amma yaro bai san al'ada ba, abin da ido ya gani ya sani. Ina fita da awaki da hantsi in ga Baba a tsugune yana goge keken nan da tsumma, yana ɗiga wa sarƙarsa man gyaɗa, yana cire masa ƙarangiya ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa iyakata da shi “kai yaro, kawo buta”. Ba na ɓoyewa, na yi kishin keken nan ƙwarai.

Bayan an gama sussuka sai ga gardi, ɗan sandan kumandan Baturen mulki, da jar hularsa, ya ce ana son yaro ɗaya daga ƙauyenmu a sa shi lakwal, makarantar Nasara, a Filinge. Gari ya ruɗe. Kaka, wadda ta ga zuwan Nasara da idonta kuma ba ta taɓa yarda da su ba, ta tura ni cikin rumbu ta rufe da faifai. Ina ciki, ƙaiƙayi yana cina, na ji tana faɗa: “Wurin da ake ce ma malami mushe, wane alheri ke can?” Baba ya bari ta gama, sannan ya ce a hankali, “Inna, in ba a ba su ba, da igiya za su tahi da ɗan wani. Na ga abin da karatun nan ke yi a Kurmi. Ni zan kai shi da kaina.” Na daina motsi a cikin geron. A raina na ce, shi ke nan, dama ba ya sona, ga shi ya samu hanyar rabuwa da ni.

Washegari Kaka ta ɗaura mini laya a damtse, ta yayyafa wa keken ruwan gero, domin ita ƴar bori ce, ba ta barin kowa ya bi hanyar dutse ba ta roƙa masa iskokin wurin ba. Baba ya naɗa tsohon bargo a ƙarfen baya ya aza ni. Na rasa inda zan sa hannuwana, don ba zan iya taɓa jikinsa ba, sai na riƙe ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi. Muka fita daga gari, muna tura keken a rairayin kwari, muka hau tudu yana nishi. Sai da bukkokin ƙauyenmu suka ɓace a bayanmu na ji muryarsa daga gaba: “Ka ga hanyar ga? Da kanmu muka ɗauko duwatsunta, a aikin dole na Nasara. Shi ya kore ni Kurmi.” Na duba ko da wani yake, ba kowa sai ni da sabara.

Ya ajiye ni a gidan wani abokinsa maƙeri. Daga nan kowace Asabar da la'asar zan ji ƙararrawarsa a bayan dangar lakwal, ya kai ni gida, Lahadi ya maido ni tare da ƴan kasuwa. A wannan kai da kawowa na san ƙasarmu. In rairayi ya yi sanyi mukan bi ta cikin kwarin Dallol, tsakanin goruba da gawo, mu tsaya a rijiyar Filani su ba mu nono a ƙwarya, su kewaye keken suna taɓa tayarsa. Fataken Zabarmawa masu jakunan kanwa suna gaishe mu da “fofo”, jakunan suna turjewa. Amma Baba ya fi son hanyar tudu, mai jar tsakuwa, inda zabin daji ke tashi a gabanmu, inda in ka kai ƙololuwa za ka hango gonaki shimfiɗe har wajen Tabla. Akwai wata tsamiya a can da ba ya wuce ta sai ya kaɗa ƙararrawa, don Kaka ta ce a gaida masu wurin. Ƙayar aduwa kuwa ba ta ƙyale mu ba. Sau da yawa mun zauna a inuwar kalgo yana liƙe taya da danƙo, ni ina riƙe masa famfo. Wata rana robar ciki ta mutu gaba ɗaya, ya cusa busasshiyar ciyawa a tayar, muka iso gida muna tsalle kamar kwaɗi. A kan hanyoyin nan yana ba ni labarin teku da jirgin ƙasa da dazuzzukan da rana ba ta taɓa ƙasarsu, yana tambayata abin da mushe ya koya mana, yana maimaita kalmomin Faransanci a karkace har in ƙunshe dariya. Yana kallon gabansa, ina kallon bayansa, kunya ba ta da inda za ta kama mu. Da mun hango rumbunan gari sai ya yi shiru, ya koma uban da na saba gani. Ni kuma ban fasa riƙe ƙarfen sirdi ba.

Ranar da ba na mantawa ita ce Asabar ɗin da ruwan shuka ya sauka. Baba yana sauri, don gobe kowa gona. Ƙasa tana ƙamshi, hanya ta jiƙe, ruwa ya zaizaye gangaren da ke sauka ƙauyenmu ya bar ramuka. Muna fara sauka ya matsa birki, birki bai kama ba. Ya sa dunduniya a taya, takalminsa ya fice. Keken ya kwasa da gudu, duwatsu suna wucewa, iska ta cika mini baki. Sai na ji ya ƙwala ihu: “Idrisa! Riƙe ni, Idrisa!” Ban san lokacin da na saki ƙarfen na rungume cikinsa da hannu biyu ba, na kifa fuskata a bayansa. Ya karkata kan keken da gangan ya bar hanya, muka faɗa cikin rairayin ƙorama, shi a ƙasa ni a kansa. Gwiwarsa ta tsage, jini yana bin ƙafarsa, amma bai ko dube ta ba. Ya kama ni yana lalubar kaina, hannuwana, haƙarƙarina. “Ina ke maka ciwo? Yi magana, ɗana.” Na ce babu ko'ina, sannan na fashe da kuka, ba kukan ciwo ba. Ya riƙe ni a ƙirjinsa har na yi shiru. Can ya share fuskarsa da hannun riga, ya dubi keken da ya lanƙwashe, ya ce, “Kada kakarka ta ji wanga zance, sai ta ce ban gaida tsamiya ba.” Muka yi dariya, muka ja keken zuwa gida yana ɗingishi.

Maƙerin nan ya miƙe ƙarfen, muka ci gaba da bin hanyoyinmu har na gama lakwal ɗin Filinge aka wuce da ni gaba. A cikin gida dai ban tashi daga “kai yaro” ba har Baba ya tsufa, har ranar da muka kai shi makwancinsa. Amma tun daga wannan gangare abin bai ƙara yi mini zafi ba.

Yanzu babura sun cika hanyar, matasa suna wuce tudun a guje ba su san an taɓa ɗaukar duwatsunsa a ka ba. Gorubar Dallol ta ragu, zabin daji sun yi nisa. Ɗana na fari yana saɓa ɗiyarsa ta fari a wuya ya ratsa kasuwa da ita, yana kiran sunanta da ƙarfi, ba wanda ya ce masa kanzil, ni ma daɗi nake ji in na gan su. Sai dai wani lokaci ina tausaya wa mutanen da, waɗanda sai sun yi nisa da gari suke iya nuna abin da ke ransu. Ƙauna suna da ita a cike, wurin ajiye ta ne ya yi musu kaɗan.