Ranar da Na Sha wa Lawban

Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, mu baƙaƙen fata na Guangzhou muka zama sharar da ake son kwashewa kafin baƙi su iso. Da can sabunta biza ba wuya, ka leƙa Hong Kong ka dawo. A wannan shekarar kuwa duk tagar ofishin biza da ka je sai a ce maka "meyo", wato babu. Tawa saura mako biyar ta mutu, matata kuma ta shiga wata na takwas, ba jirgin da zai ɗauke ta. In aka kore ni, ita kaɗai za ta haihu a ɗakinmu na unguwar Xiaobei, ba uwa ba dangi, ba ta jin yaren kowa. Na rame har wando ya fara zame mini.

Hanya ɗaya ta rage: wani kamfanin Sinawa ya rubuta cewa ni ma'aikacinsa ne, ya buga jan hatiminsa. Na bi duk waɗanda nake sayen kaya wurinsu a kasuwar Shisanhang, kowa ya ba ni shayi ya rako ni ƙofa. Sai wani dattijo Bakano, mai shago kusa da nawa a ginin Tianxiu, ya ce ya ji labarin wani lawban, haka ake kiran maigida da yarensu, yana neman mai jin Faransanci. Bai san sana'arsa ba. Ni ɗan Maraɗi ne, Faransanci ne kaɗai gadon da boko ya bar mini.

Da na shiga ofishin lawban ɗin a unguwar Tianhe na ga kwalabe jere har rufi. Giyar inabi yake shigowa da ita. Zai je Bordeaux ta ƙasar Faransa sayayya, kwana huɗu, in na yi masa tafinta zai buga mini hatimi. Na ce wa raina ai magana kawai zan ɗauka daga wannan baki in kai wancan. Na san ƙarya nake yi, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na gaya wa matata da dattijon cewa turare za mu sayo.

Bordeaux gari ne mai kyau, ba zan yi masa sharri ba. Kogin garin faɗi gare shi, ruwansa ja kamar gulbin Maraɗi da damina. Tsofaffin gidajen dutse sun jeru a gaɓa, tun la'asar samari da 'yan mata suke cika tebura, kowa da kofinsa, ana gyara kayan kiɗa. Lawban ya yi ta miƙo mini kyamara in ɗauke shi hoto. Ni kuwa kwanaki nake ƙirgawa, har haushin dariyar mutane nake ji.

Rana ta biyu aka kai mu wata gonar inabi a bayan gari. Mai ita tsoho ne Bafaranshe mai jan hanci. Ya sauka da mu ɗakin ƙasa mai sanyi, ganguna na katako ko'ina, wuri na warin tsamiyar da ta kwana a ruwa. Ya zuba wa lawban kofi. Lawban ya ɗaga shi, ya shinshina, sannan ya turo shi gabana.

Na ɗauka ajiyewa zan yi. Ya dafa gefen cikinsa, ya ce likita ya hana shi, hantarsa ta lalace. A wurinsu in babba ba zai iya sha ba, na ƙasa da shi ne ke sha masa, in ba haka ba an ci fuskar mai masauki. Ashe ba bakina kaɗai ya ɗauko ba, har da cikina. Na ce masa ni Musulmi ne. Ya ce ya sani, ai ba naman alade ba ne.

Tsohon ya ga mun tsaya, sai ya nuna mana yadda suke yi: ya kurɓa, ya wuskula a baki, ya tofar a bokiti. Ya ce masu ɗanɗano ba sa haɗiyewa. Wallahi kamar in rungume shi. Na juya na fassara wa lawban da rawar jiki, har ina ƙara gishiri.

Lawban ya girgiza kai. "Shi kayansa ne, ya tofar in ya so. Mu baƙi ne. Baƙo ba ya tofar da abin da aka ba shi."

Na roƙe shi. Ni da ba na iya roƙon mutum, na roƙe shi da Turanci, da ɗan Sinancin da nake da shi, na ambaci matata da cikinta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce hatimin yana cikin aljihun teburinsa a Tianhe, kuma zai iya ci gaba da zama a can.

Kofi uku na shanye. Abin haushi, tsohon ya tambaye ni yaya na ji, dole na fassara tambayar, na ba da amsar, na sake fassara amsar.

Lawban ya cika alkawari, aka buga hatimi, aka ƙara mini shekara. Kwana talatin da ɗaya da dawowarmu matata ta haifi namiji. Tun muna yara malaminmu ya ce wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, ni kuma ina ƙirge, saura bakwai. Dattijon nan Bakano ya zo asibiti da dabino a leda. Matata ta miƙo mini jaririn in yi masa kiran salla a kunne, in tauna dabino in shafa masa a baki.

Na karɓe shi na miƙa wa dattijon. Na ce, "Baba, kai ka yi masa."

Ya ce wannan aikin uba ne. Na ce mura nake yi. Matata ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ina tsaye a jikin bango dattijon ya tauna dabinon ya sa wa ɗana a baki.