Zanzaro a Wuyan Tukunya

A bakin kasuwa take zaune, tsohuwa mai ginin tukwane, laka ta bushe a faratanta. A wuyan kowace tukunya ta zana ɗan ƙwaro mai siririn ƙugu.

Wani ɗan kasuwa yana son kwashe su duka, in za ta kankare zanen.

"Iya, masu saye ba sa son ƙwaro."

Tana shafa zanen da babban yatsa. Da alama tun tana goye take jin labarinsa.

"Zanzaro ne, ɗana. An ce a wurinsa mace ta fara ganin gini da laka. Don ka ƙware, sai ka goge sunan malaminka?"

Ya kaɗa kai ya wuce. Ita kuwa tana jujjuya tukwanen, kowane zanzaro ya fuskanci hanya.