Zanen Wanda Zai Faɗi

Waɗanda suke tsakar gida ran nan bayan la'asar su ne babban ɗana, wanda ba na kama sunansa tunda ɗan fari ne, da ƙanensa Auta, da matansu biyu suna tsintar shinkafa a faifai ɗaya kamar ba su san mazansu ba sa ga maciji ba. Akwai Baffansu, ƙanen marigayi maigidana, wanda kunnensa ya yi nauyi sai in an ambaci abinci. Akwai kuma Malama, 'yar kudancin Kaduna da take koyarwa a firamare, tana haya a gidan da ke jikin namu. Kifi ta shigo saye, ta tarar da shari'a, ta nemi wuri ta zauna. Sai ni a kan 'yar kujerata, da zannuwa biyu sababbi a cinya, kowane ɗa ya kawo mini ɗaya, kowanne da fuskar wani ƙato a jiki yana murmushi.

Saura kwanaki kaɗan zaɓen shugaban ƙasa. Jam'iyyu biyu ne kacal a lokacin, gwamnatin soja ce ta ɗinka su rana ɗaya, kamar rigunan tagwaye. Allah ya ba ni 'ya'ya maza biyu, sai kowanne ya ɗauki ɗaya, don kada wata ta yi kwantai.

Ɓarnar tun zaɓen gwamna ta faro. Shi wannan ƙato bayan ƙato aka yi: a kafa hoton ɗan takara, mai son sa ya je ya tsaya a bayansa da rana tsaka, a bi layi ana ƙirga mutane kamar awaki. Ni ban je ba, gwiwata ta tashi da ciwo tun asuba, ta kuma warke da yamma. Su kuwa suka je, suka tsaya a layuka biyu suna kallon juna. Layin Auta ya fi tsawo, shi kuma da yake bakinsa ba ya rufuwa sai ya ɗaga wa yayansa hannu yana dariya a gaban jama'a. Tun daga ranar babban bai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da shi ba.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, sai ga tubali an buga an jere a gefen rijiya, an rufe da tsohuwar zana saboda ruwan farko. Babban ya ce ɗaki zai ƙara. Ban yi karatu ba, amma na san tubalin ɗaki, na san na katanga. Na kuma ga inda ya ja layi da dunduniya a ƙasa, daga rijiya har bakin zaure, ta tsakiyar wurin da ubansu yake shimfiɗa buzunsa. Gidan nan ni da marigayi muka tashe shi da kifin banda, ban yi niyyar in mutu in bar shi gida biyu ba saboda mutanen da ko sunan unguwarmu ba su sani ba.

Malama ce ta fara magana. Ta ce, "Mama, ai na ji wannan karon ba tsayawa bayan hoto ba ne. Takarda za a ba ki, ki dangwala a ɓoye."

Na ce, "To kun ji. In a ɓoye ne, zanen na mene ne?"

Babban ya ce, kansa a sunkuye, "Iya, gobe kasuwa. Matan unguwar nan abin da kika ɗaura suke kallo."

Auta ya ce, "Shi ya sa na zaɓo miki mai kauri. Taɓa ki ji. Na Yaya kuwa wanki ɗaya, mutumin zai koɗe tun kafin a ƙirga ƙuri'a."

Na ce ya rufe mini baki. Sannan na ce tunda miji suke so su yi mini da tsufana, sai kowa ya faɗi asalin nasa, kamar yadda ake yi a neman aure.

Shi babban, masunci ne kamar ubansa. Tun da aka datse ruwa can sama, kogi ya daina malala yadda muka sani, kududdufan da muke kamun kifi wata uku sai su ƙafe a wata ɗaya. Ya ce nasa ya yi alkawarin sako ruwa, fadama ta cika kamar da. Auta kuwa noman rani yake yi da injin ban ruwa, ga 'yar shinkafarsa ta damina a ƙasan gari. Ya ce nasa ya yi alkawarin jinga, ruwa ba zai ƙara cin gonar kowa ba.

Na ce, "Shi naka ya taɓa zuwa bakin kogin nan?"

Babban ya ce an ce ya aiko wakili.

"Naka fa?"

Auta ya ce, "Ya wuce ta sama a jirgi, Iya. Kowa ya ji ƙararsa."

Na ce, "Shamuwa ma tana wucewa ta sama, ita har sauka take yi."

Baffa, wanda muka zaci barci yake, ya ɗago ya ce, "Wanne ne a ciki zai kori jan-baki?" Tsuntsayen sun cinye masa gero shekara biyu a jere, ba shi da wata siyasa sai su. Aka yi masa ihu a kunne cewa babu. Ya ce to a tashe shi in an gama tuwo.

Na juya zannuwan ina duban fuskokin. Duk biyun sun ƙoshi, duk biyun haƙoransu cikakku. Rubutun da ke ƙasa dai ni da shi sai kallo. Na tambayi babban ko nasa zai ci. Ya ce da yardar Allah babu makawa. Na tambayi Auta. Ya ce nasa ai ya riga ya ci, rantsarwa kawai ta rage.

Na ce, "Madalla. To ku ji nawa. Ni zanen wanda zai faɗi zan ɗaura. Wanda nasa ya ci, makaɗa za su raka shi har ƙofar gida, ba ya bukatata. Wanda nasa ya faɗi shi ne zai nemi uwa. Sai ku gaya mini wanne ne."

Matan suka daina tsintar shinkafa.

Auta ne ya fara gano bakin zaren. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, Iya, in gaskiya ake so, namu akwai matsala. Mutumin nesa ne, ko Hausa ba ya ji. Ranar taro da ya ce mana sannunku, sai da aka yi mana fassara."

Na ce, "Ba kai ka ce rantsarwa ta rage ba?"

"Ai baki ne, Iya. Jingar ma ni ban ji daga bakinsa ba, shugaban mazaɓarmu ne ya faɗa, shi kuwa kin san shi, ya taɓa sayar wa Baffa akuya mai ciki ta haifi iska."

Matarsa ta tuntsire da dariya har shinkafa ta zube. Malama ta toshe baki da gefen mayafi. Ni ban yi dariya ba, babban nake kallo.

Ya daɗe yana murza igiyar koma da ke hannunsa. Shi ba mai wasa ba ne tun yana yaro, in ya faɗi a kokawa sai ya kwana biyu bai fito dandali ba. Can ya ce, "Namu ma ba lafiya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Mutanen da suke cika taronmu su ne dai suke cika na su Auta. Hula kawai suke sakewa. Na gan su da idona a tasha."

Auta ya ce, "A'a, Yaya, kada ka yi mana ƙwace. Naku fa ɗan gida ne, masallaci ɗaya, harshe ɗaya. Ina zai faɗi?"

Babban ya ce, "Ɗan gidan da ko a garinsu ana cewa ba a san shi ba?"

Wannan ce magana ta farko da ya mayar wa ƙanensa kai tsaye cikin fiye da shekara, kuma a kan wanda ya fi lalacewa cikin gwanayensu aka yi ta. Suka ci gaba, kowa yana tuɓe nasa. Na ji wanda aka ba injin ban ruwa na jam'iyya ya kai gonar surukinsa. Na ji wakilin da aka aiko duba kogi bai sauka daga mota ba saboda takalminsa. Wata da watanni suna tallar mutanen nan, ban san su ba sai a wannan yammacin.

Na juya wajen Malama, tunda ita take sauraron rediyo da turanci, na ce ta raba gardama, wa zai faɗi. Ta ce, "Mama, rufa mini asiri, ni baƙuwa ce. Ko wa ya ci, allo ɗaya ne a ajina, shi ma ya tsage." Ta ɗauki kifinta ta fita tana dariya.

Auta har hawaye yake sharewa. Babban kuwa bai yi ko murmushi ba. Ya naɗe igiyarsa, ya ce zai je ya duba kwalekwale, ya fita ta gefen tubalin. Na ga ya tsaya ya gyara zanar da ta rufe shi.

A nan na gama zaɓena. A raina na Auta ya fi kwanta mini, don mutumin da ba ya jin Hausa ƙaryar da zai yi mana ba ta da yawa. Amma wanda zai faɗi a can birni ba shi ne damuwata ba. Auta in ya faɗi, zai yi wa kansa ba'a kafin wani ya yi masa, ya ci tuwo ya side hannu. Babban in ya faɗi sau biyu, ga kuma uwarsa sanye da zanen ƙanensa a tsakiyar kasuwa, kafin ruwa ya yi ƙarfi katangar ta tsaya. Daga baya kowa ya san yadda aka yi da zaɓen nan, aka soke shi ɗungurungum, 'ya'yana biyu duk suka faɗi rana ɗaya. Amma ran nan babu wanda ya san haka, ni kuma da abin da nake gani a tsakar gidana na yi aiki.

Washegari da safe na ɗaura zanen babban. Yadda aka buga shi, duk juyin da na yi sai fuskar mutumin ta faɗo daidai mazaunai, na bar ta a nan. Na fito na tarar da su biyun a bakin rijiya, kowa da butarsa, nesa da juna. Auta ya dube ni daga sama har ƙasa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ban ba shi haƙuri ba, ba na ba ɗan da na haifa haƙuri. Na ce, "Kai, ɗauko mini kwandon kifi, ka fi kowa ƙarfin kaya a gidan nan." Ya ajiye butar, ya je ya ɗauko.

Na juya wajen babban na ce, "Kai wannan, ka gani na ɗaura. Murhun bandana ya rushe ta gefe, sabo nake so, babba, mai baki biyu. Ga tubali nan yana zaune. Kafin in dawo daga kasuwa a fara, ƙanenka in ya sauke mini kwando zai dawo ya kwaɓa maka ƙasa."

Ya dubi zanen, ya nufi wurin tubalin. Na jira a bakin zaure, kwando a kan Auta, har sai da na ga ya yaye zanar ya ɗaga tubali na farko, sannan na sa takalmina muka kama hanyar kasuwa.